Na san ma'anar kalmomin Turanci, me ya sa har yanzu ake gyara mini jimloli?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfani a Kano, kuma ni nake rubuta yawancin wasiƙun ofis. Duk wadda na kai wa shugabana sai ta dawo da jan biro. A makon jiya wurare uku ya gyara mini: "We discussed about the matter", da "I suggest you to come on Monday", da "I look forward to hear from you". Babu kalmar da ban san ma'anarta ba a ciki. Shin akwai ƙa'ida ɗaya da zan haddace in huta?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shugaban naka ya yi daidai a duka ukun. Ƙa'ida ɗaya tilo kam babu ita, amma kada gwiwarka ta yi sanyi, domin kurakuran nan uku tushensu ɗaya: ka san ma'anar aikatau (wato kalmar aiki, "verb"), ba ka san abin da yake yarda ya biyo bayansa ba.

Hausa ma haka take, sabo ne ya hana mu lura. Kana cewa "na sayi doki", "na saye shi", "shi ne na saya". Aikatau ɗaya ne, amma ƙarshensa ya sauya sau uku gwargwadon abin da ya biyo baya, kuma babu malamin da ya zaunar da kai ya koya maka. Baƙon da ya ce "na saye doki jiya a kasuwa" alhali "na sayi" yake nufi, za ka gane shi, amma kunnenka zai ji bambanci. Aikatau na Turanci ba ya sauya ƙarshe ta wannan hanya, sai dai yana zaɓen abin da zai zauna kusa da shi.

Mu fara da "discuss". Shi kai tsaye yake kama abin da ake magana a kai, ba ya buƙatar gada: "We discussed the matter". Abin da ke jawo "about" ɗin abu biyu ne. Bakinmu ya saba da "tattauna a kan", sannan maƙwabcinsa "talk" lallai yana son "about". Sigarsa ta suna ("noun") ma tana so: "a discussion about the matter" daidai ne. 'Yan gidansu "discuss" su ne "reach", "request", "emphasise" da "marry". Ana cewa "she married him", ba a sa "with". Akwai kuma waɗanda ba sa tafiya sai da ƙaramar kalma a bayansu: "listen to", "wait for", "depend on", "reply to". Wannan na ƙarshe ka kula da shi sosai tunda aikinka wasiƙa ne. "Answer my letter" daidai ne, amma in "reply" ka ɗauko, sai ka ce "reply to my letter".

Inda aikin ya fi yawa shi ne idan aikatau biyu suka haɗu. Na farkon ne yake yanke yadda na biyun zai fito, ko da "to" a gabansa, ko da "-ing" a ƙarshensa. "Want", "decide", "hope", "agree", "refuse" da "promise" suna ɗaukar "to". "Enjoy", "finish", "avoid", "mind", "deny" da "consider" suna ɗaukar "-ing". Malamai kan ce na farkon suna hangen abin da bai faru ba tukuna, na biyun kuma suna duban abin da ake ciki ko aka riga aka yi. Wannan bayani yana taimakawa, ni ma ina amfani da shi a aji, amma kada ka jingina da shi gaba ɗaya. "Consider" da "avoid" gaba suke hange, duk da haka "-ing" suke bi.

Wasu kaɗan suna karɓar duka biyun, sai ma'ana ta juya, kuma a nan kuskure yakan yi tsada. "He stopped smoking" na nufin ya daina shan taba. "He stopped to smoke" na nufin ya tsaya domin ya sha. "Remember to lock the office" umarni ne kada ka manta ka kulle, "I remember locking the office" kuwa kana tuna cewa ka kulle. Ka ga wanda ya musanya su a rahoto zai iya faɗin kishiyar abin da ya faru.

"Suggest" yana cikin masu "-ing", kuma ba ya yarda a sa mutum a bayansa sannan a kawo "to". "Advise" ne ke yin haka: "I advise you to come". Da "suggest" sai ka ce "I suggest that you come on Monday", ko "I suggest meeting on Monday". Ma'anarsu kusan ɗaya, tsarinsu daban. Haka "let him go" da "allow him to go", haka "tell me" da "explain to me".

Jimlarka ta uku ita ta fi kama mutane, har da masu digiri. "To" iri biyu ne a Turanci. Akwai wanda ke gaban aikatau, kamar a "want to go". Akwai wanda ke nuna inda aka nufa, kamar a "go to Kaduna", kuma shi suna yake so a bayansa. Na "look forward to" irin na biyun ne. Ga gwajin da za ka riƙa yi: sa suna bayan "to" ɗin ka ji. "I look forward to your reply" ya zauna daram, saboda haka in aikatau za ka sa, sai ya ɗauki "-ing" ya yi aikin suna: "I look forward to hearing from you". Gwajin nan yana aiki a kan "object to" da "committed to" da "be used to".

Tunda na ambaci "used to", bari in ƙara wannan. "I used to drive" na nufin da ina tuƙi, yanzu na daina. "I am used to driving" na nufin na saba da tuƙi. Mutanenmu da yawa suna cewa "I use to pray in that mosque" suna nufin "nakan yi salla a can". Turanci ba shi da wannan siga ga abin da ake yi yanzu, sai ka ce "I usually pray there". In ba haka ba, mai sauraro zai ɗauka ka daina zuwa masallacin.

Ba na cikin masu raina Turancin Najeriya. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da "okada" da "Kannywood". Amma waɗannan kalmomi ne. Mai duba takardar WAEC ko NECO ko IELTS, da kamfanin da zai karanta wasiƙarka a wata ƙasa, da tsarin jimla na daidaitaccen Turanci suke aunawa.

Abin da zan ba ka shawara shi ne ka sauya yadda kake buɗe ƙamus. A. S. Hornby, wanda ƙamusunsa na masu koyo ya cika makarantunmu, a Japan ya koyar da Turanci, ya ga ɗalibansa suna fama da irin matsalarka. Shi ya sa a ƙamusun da ya fito a Tokyo a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948, aka kasa aikatau cikin tsari 25. Daga baya John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka zuba miliyoyin kalmomi na ainihin rubutu da magana a kwamfuta, suka fitar da ƙamusun COBUILD a 1987 bisa yadda kalmomi ke haɗuwa a zahiri. Saboda haka bayanin da kake nema yana nan a ƙamus, mu ne muke tsallake shi mu tafi ga ma'ana. In ka ga an rubuta "advise sb to do sth", "sb" mutum ne, "sth" abu ne, kuma wannan layin shi ne tsarin. Ka samu ɗan littafi, duk aikatau da aka gyara maka ka rubuta shi tare da abin da ke biye da shi, da jimla ɗaya daga aikin ofishinku. Kada ka rubuta "avoid" shi kaɗai, rubuta "avoid paying late".

Ka kuma sani akwai 'yan wurare da Ingila da Amurka suka sha bamban. Ba'amurke zai ce "write me", mutumin Ingila ya ce "write to me". Makarantunmu da jarrabawarmu sun fi bin tsarin Ingila, don haka a wasiƙar ofis shi za ka riƙe, sai fa in kamfanin Amurka kake rubuta wa.