Batir Biyu Na Canza, Har Yanzu Mota Tana Kwana Ba Wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, dan Allah a taimaka min. Corolla ce da ni 'yar Kwatano, in ina hawanta kullum lafiya lau, amma da na ajiye ta kwana uku ko huɗu sai in murɗa makulli in ji ƙas-ƙas-ƙas kawai, sai an roƙo batirin maƙwabci an tayar min. Batir biyu kenan na canza cikin shekara ɗaya. Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh ni dai kar ki sayi na uku tukuna, don da alama ɓarawo ne a cikin motar yake shan wuta tana kashe, ko guda goma kika saya haka zai shanye su.

Kowace mota tana ɗan jan wuta ko a kashe take, saboda agogo da kwamfutar injin, amma bai kamata ya wuce miliyam 50 ba (miliyam ma'aunin yawan wutar da ake ja ne). Inda na fi zargi shi ne kayan da aka ƙara mata daga baya, tiraka (na'urar gano inda mota take), alam, ko rediyon nan mai allo da ake yayi, don wasu masu rewaya in suna sauri sai su jona shi a wayar da ke da wuta dare da rana maimakon wacce makulli ke kunnawa, shikenan abu na ta ci kina barci. Sai fitilar but, ita kam munafuka ce tunda ba kya ganinta, ki kunna ɗaukar bidiyo a wayarki ki ajiye ciki ki rufe, ki buɗe ki duba bidiyon ki ga ko fitilar ta mutu. Altaneta ma, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, in dayod ɗinta (abin da ke hana wuta komawa baya) ya ƙone wuta takan riƙa zurarewa ta baya.

Ki sa mai rewaya ya cire kan batir na negetib ya jona mitar auna wuta tsakanin wayar da kan batirin, ya jira kamar rabin awa motar ta yi shiru, sannan ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda aka zare lambar mitar ta faɗi toh ɓarawon a layinsa yake. In ya ce ba shi da mita, wallahi ki nemi wani.

Ya auna batirin ma, cikakke yana ba da bolt 12.6 a kashe, in injin na aiki kuma wajen 14. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke taruwa a kan batir a kankare shi. Kafin a gano matsalar, in za ki ajiye ta kwanaki ki sa a cire miki kan negetib ɗin.