Amsoshin tambayoyinku: wa ya kamata ya ɗauki zuzzurfan lissafi a sakandare?

Tambaya: Malam, ɗiyata ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, za ta shiga ajin kimiyya. Makarantarsu ta ce sai wanda ya yi ƙoƙari a lissafi za a bari ya ɗauki darasin Further Mathematics, wato zuzzurfan lissafi. Ita kuma burinta ta zama injiniya. In ba a ba ta ba, shi ke nan an rufe mata ƙofa? Daga wata uwa a Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ƙofa ba ta rufe ba. Abin da aka saba nema wajen shiga fannin injiniya shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato daga C6 zuwa sama, a Turanci, lissafi na gama-gari, Fiziks, Kemistiri da wani darasi guda. A JAMB kuma Turanci, lissafi, Fiziks da Kemistiri za ta rubuta. JAMB ba ta da takardar zuzzurfan lissafi ma sam. Duk da haka ki sa a duba muku kundin JAMB na shekarar da za ta rubuta, domin kowace jami'a tana iya ƙara nata sharaɗin.

Amma in ni ne, zan so ta ɗauka. Dalili kuwa, manhajar lissafin JAMB tana da sassan lissafin da ake kira kalkulas da matiriks, waɗanda wannan darasi yake koyarwa filla-filla. Sannan in ta shiga Jami'ar Jos ko wata jami'ar, shekarar farko a fannin injiniya cike take da aljabra, tirigonometiri, kalkulas da bekta. Wadda ta shekara uku tana cuɗanya da su a sakandare bita za ta yi, wadda ba ta taɓa ganinsu ba kuwa sai ta yi da gaske a babban ɗakin lacca, inda malami ba ya da lokacin tsayawa kan mutum ɗaya.

Sharaɗin da makarantar ta sa nata ne, ba na WAEC ba, shi ya sa ya bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan. Wasu sakamakon BECE, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare, suke dubawa, wasu su yi tasu jarrabawar tantancewa. Kuma ban ga laifinsu ba. Yaron da aljabra ba ta zauna masa ba, in aka ɗora masa wannan darasi, sai ya tsani lissafin gaba ɗaya, har na gama-garin da ya zama dole ya taɓu. Ga gwajin da za ki iya yi a gida: ki sa yayanta ko wani malami ya rubuta mata 3x − 7 = 2x + 5, da haɗa 2/3 da 3/4, ta warware ba kalkuleta. In ta fitar da 12 da 17/12 ba tare da gumi ba, ki je ki ga shugaban makaranta ki roƙi a gwada ta zango ɗaya. In ta tsaya tana cizon biro, hutun nan a nema mata mai lesin a gyara tushen tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ki baro makarantar, ki tambaya ko suna da tsayayyen malamin darasin, da sau nawa yake shiga aji a mako. Akwai inda darasin yake a jadawali kawai, sai an kusa jarrabawa a nemo wani ya yi musu sharar fage. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yara masu basira ne suke kwasar F9 ba da laifinsu ba.

Tambaya: Ina SS1, likita nake so in zama. Dole ne in yi zuzzurfan lissafi? Daga wani ɗalibi a Bukuru.

Amsa: Ba dole ba ne, ɗana. A JAMB Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks za ka rubuta. Kiredit a lissafi na gama-gari ne wajibi a kanka. In kana jin daɗin lissafi ka ɗauka, zai taimake ka a Fiziks. In kuwa zai cinye maka lokacin Kemistiri, ka bar shi.

Tambaya: An ce in saya wa yarona kalkuleta ta kimiyya. Na je kasuwar Taminus na ga kala-kala, farashi ya sha bamban. Wacce zan saya? Daga wani mahaifi a Rikkos.

Amsa: Alhaji, kada ka bi tsada. Wadda ake iya loda mata bayanai ba a shiga da ita ɗakin jarrabawar WAEC, don haka ka fara tambayar malamin da ke kula da jarrabawa a makarantarsu irin wadda ake yarda da ita. Domin aikin aji, Casio fx-991ES Plus ta wadatar har jami'a, sai dai jabunta sun yi yawa a kasuwa. Ka tafi da yaron, ya danna kowane maɓalli a gaban mai shago, ya duba ko rubutun fuskar yana fitowa tar ko yana dusashewa, ku kuma karɓi rasit. Ragowar kuɗin ka saya masa littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Ka kuma gaya masa ranar JAMB a gida zai bar ta, domin da ƙaramar kalkuletar da ke cikin kwamfutar jarrabawar zai yi aiki.