Kafin a ɗaure jaka: amsoshin wasiƙun masu shiga jami'a

Tunda sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fara fita, wasiƙun da ke iso mini duk kan magana ɗaya suke: gado, katifa, da abin da za a zuba a jaka. Ga waɗanda na zaɓa a wannan makon.

Wata uwa daga Agege ta ce: "Ɗiyata ta samu Jami'ar Legas, amma har yanzu ba ta samu gado ba. Wani ya ce in tura masa kuɗi zai samo mata a ɗakin kwanan ɗalibai mata na Moremi. Ba na iya barci, ban taɓa rabuwa da ita ba. In tura?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, Allah ya sanya albarka a karatun. Rashin barcin nan duk uwar da ta taɓa kai ɗa makaranta ta san shi. Amma kada ki tura. Gadaje a Akoka, inda jami'ar take, ba sa isar ɗalibai, kowa ya sani, shi ya sa ake raba su ta ƙuri'a a shafin makarantar na intanet, kuma ita ɗalibar ce za ta shiga da lambarta ta nema. Kuɗin kuma ta hanyar da makaranta ta shimfiɗa ake biya, a karɓi rasiɗi, ba a asusun wani mutum ba. Mai cewa zai samo miki, ko dai ɗan damfara ne da zai kashe waya da zarar kuɗi sun shiga, ko ɗalibi ne da ya ci ƙuri'a yake son sayar da gadonsa. Na biyun ma laifi ne a dokar makaranta, kuma ranar bincike ɗiyarki za a fitar da kayanta, sunan wani ne a takarda.

Ki sa ta riƙa duba sanarwar ofishin kula da harkokin ɗalibai kullum, ranar ƙuri'a ta zauna inda sabis yake da ƙarfi tun kafin lokaci. Kada kuma ta kafe a kan Moremi. Akwai Makama Bida, akwai Amina, akwai Fagunwa da Madam Tinubu. In ba a dace ba, Agege ba ƙarshen duniya ba ce. Jirgin ƙasan jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Yaba, daga Yaba kuma motocin Akoka ba sa yankewa. Ta yi makonnin farko daga gida, ku nemi ɗaki da idonku a natse.

Wani uba daga Obalende: "Katifa sabuwa ko ta gwanjo?"

Sabuwa, Alhaji. Katifar gwanjo da kuɗin cizo take zuwa, kuma in ya shiga ɗaki sai ya gama da kowa. Amma kada ka saya sai an ba yaron gado, ya ga ko akwai katifa a kai, in babu ya auna. Gadajen ƙarfen nan masu hawa biyu siriri ne, katifar gida ba ta zama a kansu. Ka saya wurin dillalin kamfani, ka bar ledarta a jiki.

Wani saurayi daga Alaba Rago: "Zan fara a Jami'ar Jihar Legas, mu huɗu muka kama ɗaki a Iba. An ɗora mini sayen ekistenshan, hita da fawa banki. Kuɗin ba yawa. Na ga masu araha a hannun masu talla a Iyana Iba, ai duk wuta ɗaya suke kawowa ko?"

A'a, ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma a nan zan daɗe, domin wannan ce maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk shekara iyaye suna kashe kuɗi a kan akwati mai taya da zannuwan gado masu kyau, sai a zo kan abin da zai kwana a jone da wuta kusa da kan yaro, a nan ne ake tuna da tsimi. Araha ba ta ado, a kayan wuta kuwa har rai take ci.

Ka fahimci yadda abin yake. Wutarmu 230 ce a ma'aunin bolt, filogin nan mai ƙafa uku kuma amfiya 13 ne iyakarsa. In ka ninka, wat 3,000 ke nan ko kusa da haka, kuma wannan ga ekistenshan na gaske ne mai kaurin waya. Butar lantarki ita kaɗai tana iya jan wat 2,000. Ka ƙara dutsen guga, ka riga ka wuce iyaka. To ku huɗu ne, kowa da caja, ga fanka, ga hita, duk a bakin soket ɗaya. Na gaske yana da fiyus a cikin filogi, in nauyi ya yi yawa sai ya yanke, ka yi asarar fiyus kawai. Na jabu an rubuta masa 13 a jiki, amma ka yanka wayar ka gani: roba ce mai kauri, a ciki 'yan silili kamar gashi. Wani ma ba jan ƙarfe ba ne, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa launi. Irin wannan ba ya yankewa, zafi yake yi a hankali har roba ta narke, kuma galibi a ƙarƙashin katifa ko bayan labule aka tura shi.

Na gani da idona. Ɗan ƙanwata ya taɓa kawo mini nasa daga makaranta, ya narke ya manne da ledar ƙasa. An ɗauke wuta da daddare, wani ya manta hita a jone cikin bokitin roba, aka dawo da ita ƙarfe uku na dare kowa yana barci. Warin roba ne ya tashi ɗayansu. Da barcinsa ya yi nauyi, da wani labarin nake ba ku yau.

Kai da kake zaune a Alaba Rago ba ka da hujja. Babbar kasuwar kayan wuta ta Alaba tana bayanka, kuma a cikinta akwai na gaske akwai na bogi, sau da yawa a shago ɗaya. Kada ka saya a bakin titi. Ka shiga shago mai lamba wanda zai rubuta maka rasiɗi, ka ce masa kai tsaye na gaske kake so, domin in ka fara da "mai sauƙi" to mai sauƙin zai ba ka. Ka ɗaga ka ji nauyi. Ka sa a kwance filogi ka ga fiyus. Ka tafi da ɗan maganaɗisu: jan ƙarfe ba ya kama shi, in ka ga waya tana mannewa, ajiye musu abinsu. Tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a kwali yana da kyau, amma masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka kada ka dogara da shi kaɗai. In ka san wani mai aikin wuta a unguwa, ka roƙe shi ya raka ka, rakiyar nan ta fi duk abin da na faɗa.

Hita kuwa, irin mai zobe da ake tsomawa a bokiti, ban yarda da ita ba ko ta gaske ce. Ba ta kashe kanta, kuma yara suna tsoma hannu su ji ko ruwa ya yi zafi tana jone. Ku haɗa kuɗi ku sayi buta mai kashe kanta, a jona ta a soket na bango, ba a ekistenshan ba. Masu shiga ɗakunan kwana na cikin makaranta kuma su karanta takardar dokoki kafin su sayi kowane abin dafa abinci, domin abin da aka hana ƙwace shi ake yi a ƙofa.

Fawa banki ma haka. Wanda aka rubuta wa ƙarfin batiri 50,000 amma nauyinsa bai kai na sabulun wanka ba, ƙarya ce tsagwaronta. Na 20,000 na gaske ma yana da nauyi a hannu. In ka ga ya kumbura ko yana zafi a caji, rabu da shi, kada ka kwana da shi a kan katifa. In kuɗin ba za su isa duka ukun ba, ku sayi ekistenshan mai kyau yanzu, sauran su jira wata mai zuwa. Kuma ku yi doka a ɗakin tun ranar farko: in an ɗauke wuta, a zare komai.

Wani daga Mile 12: "Babana ya ba ni Naira 300,000 na kayan makaranta. Ina so in canza waya in sayi takalma biyu don kada a raina ni. Wace waya ta fi?"

Ba zan zaɓa maka waya ba. Babanka a kasuwa yake wuni, ka fi ni sanin kwando nawa na tumatur ya wuce ta hannunsa kafin ya tara wannan kuɗin. Wayar da ke hannunka tana buɗe shafin makaranta? To ta isa. Bokiti biyu, kwaɗo mai ƙarfi, gidan sauro, fitila mai caji, lema, takalmin roba na banɗaki, kwano da cokali. Ka ɗauki hotunan fasfo da yawa, ka kwafi takardunka ka sa su a leda. Ragowar ka bar su a banki, domin makon rajista kaɗai zai nuna maka inda kuɗi suke tafiya. Sabuwar waya a ɗakin da ba ka san kowa ba tukuna, ɓarawo kake yi wa sayayya.

Wata ɗaliba daga Kano: "Ban taɓa zuwa Legas ba. Zan sauka wurin gwaggona a Idi-Araba kafin in shiga Akoka. Mama ta haɗa mini buhun kayan abinci da bargo biyu. Ina tsoron abincinsu, ina tsoron yadda za a kalli hijabina."

Ɗiyata, barka da zuwa, kuma tsoronki ba abin kunya ba ne. Hijabi ba baƙo ba ne a Akoka. Akwai babban masallaci a cikin makarantar, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ma a Legas aka kafa ta tun 1954. Ranar Juma'ar farko ki je, za ki samu 'yan uwa Yarabawa da za su riƙe ki hannu biyu. Za ki ga ɗakunan kwana da sunan Sarauniya Amina, da Makaman Bida, da El-Kanemi, sai ki ji kamar ba ki yi nisa ba.

Barguna ki bar wa Mama, babu hunturun Kano a nan. Zani mai ɗan kauri ya isa. Abin da ba ki sani ba shi ne laima. Makarantar a bakin ruwa take, iska a jiƙe take ko da rani, kuma abin da zai shekara a Kano lafiya lau, a nan makonni kaɗan sai ya yi fumfuna. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji, ki kawo kaɗan kaɗan, ki zuba a robobi masu murfi mai kamawa, ba a leda ba, don ɓeraye da kyankyasai ma suna jira. Takalmin fata da jaka ki riƙa fitar da su rana. Kada ki ninke hijabi da sauran damshi a jikinsa. Sauron bakin ruwa kuma ba ya wasa, gidan sauro ya zama abu na farko da za ki ɗaura.

Buhun nan ki rage shi sosai. Ɗan akwatin bango ɗaya za a ba ki, ba wurin ajiye buhu. Shinkafa da wake da gari ana samunsu a Oyingbo da Bariga, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuma gwaggonki za ta nuna miki masu sayarwa a nan Idi-Araba. Ranar shiga ku fita da sassafe kafin hanya ta cushe, kada ku sa ran acaba don an hana shi a yankin Yaba. Ki roƙi gwaggo ta raka ki har ɗaki ta ga abokan kwananki, ta karɓi lambar ɗaya daga cikinsu, sannan ki kira Mama kafin magariba.