Tambaya da Amsa: Tsara Tsofaffin Hotunan Iyali a Kundi

Tambaya: Bayan rasuwar mahaifiyarmu na tarar da tarin hotuna a ƙasan adakarta, na biki da na suna, wasu har sun manne da juna. Ina sha'awar tsara su a kundi, ta ina zan fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya. Kafin ki sayi kundi, 'yar'uwa, ki zauna da gwaggo ko wani dattijon gidan ya faɗa miki sunayen waɗanda ke cikin hotunan, domin sunaye sun fi takarda saurin ɓacewa. Ki rubuta su a bayan kowane hoto da fensir mai taushi, ba da biro ba, saboda tawadarsa takan ɓullo ta gaba. Sannan ki jera su bisa shekaru. Ki guji salatif da gam, don sukan koma rawaya su ɓata hoto. 'Yan kusurwoyin takarda da ake soka gefen hoto a ciki sun fi. Waɗanda suka manne kuwa, laimar damina ce ta jawo, kuma ɓamɓare su da ƙarfi zai kwashe fuskokin, don haka ki kai su wurin ƙwararren mai hoto. Ki ajiye kundin nesa da rana da bangon da ke tsatsafo.