Land Rover ta soja mai volt 24: me ya sa take cin batir, kuma take mutuwa idan ta yi zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Land Rover doguwa ta soja, Series III mai injin fetur, wadda mahaifina ya saya a gwanjo, yanzu ta dawo hannuna. Batir biyu take amfani da su. Abu uku sun dame ni. Da safe in na murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas kawai, kuma batir ɗaya ne kullum yake mutuwa, na sauya shi har sau biyu. Idan ta tashi, bayan tafiyar kamar rabin awa sai ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. Birki kuma sai na taka sau biyu yake kamawa. Makanikena ya sauya kafireta da fulogi, babu abin da ya canza. Yanzu ya ce a mayar da ita volt 12 kowa ya huta. In yarda? — Wani mai karatu daga Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan magabata. Kada ka yarda tukuna. Ciwo uku ka lissafa, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba, amma biyun farko ina kyautata zaton hannun mutum ne ya jawo su, mutumin da ya saba da motar volt 12 ya zo ya yi wa ta volt 24 aiki da wannan sabon.

Motarka irin wadda aka ƙera a Solihull ta Ingila ce tsakanin 1971 da 1985. Tunda batir biyu gare ta, tana cikin waɗanda sojan Birtaniya ke kira FFR, wato waɗanda aka shirya domin ɗaukar rediyon sadarwa. Batir biyu masu volt 12 aka jera, kan wannan a wutsiyar wancan, suka ba da volt 24. Aka sa mata ƙatuwar altaneta don ta riƙa caja batiran rediyo, sannan aka lulluɓe wayoyin fulogi da saƙar ƙarfe don kada tartsatsinsu ya riƙa shiga rediyo yana ƙara. Injin kuwa shi ne sanannen nan mai silinda huɗu, cc 2286, irin wanda ke cikin ta farar hula. Ka ga ke nan injin kowa ya san shi, wayarin ne baƙo.

Mu fara da batir. Ɗaga murfin akwatinsu ka ƙirga wayoyin da ke kan kowanne. Tsakanin batir na farko da na biyu gajeriyar waya ce guda mai kauri ya kamata ka gani, ita kaɗai. In ka tarar da wata siririya an maƙala a wurin ta tafi rediyon kiɗa, ko hon, ko cajar waya, ko wata fitila da aka ƙara, to ka kama ɓarawon. Masu wayarin suna yin haka ne don su samu volt 12 cikin sauƙi. Illar ita ce batir ɗaya yana ciyar da baƙin, amma cajin da altaneta ke turowa iri ɗaya ne yake ratsa su biyun. Wanda ake tatsa ba ya taɓa cika, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa har ruwansa ya riƙa ƙonewa. Kai kuma sai ka sayi sabo guda ka haɗa shi da tsoho, rashin daidaiton ya ƙaru. Maganin shi ne a cire siririyar wayar, a sayi ƙaramar na'urar da ke rage volt 24 zuwa 12, wadda ake samu wajen masu kayan manyan motoci, a ɗora baƙin a kanta. Batir kuma in za a sauya, biyun ake sauyawa tare, girma ɗaya, shekara ɗaya.

Kafin ka kashe kuɗi, nemi mita ta awon wuta, ba ta da tsada. Cikakken batir da ya kwana yana nuna kusan 12.6, biyun tare kusan 25. Wannan awon na hutu ne, ba ya tona asiri. Sa yaro ya murɗa makulli kai kana auna kowane batir shi kaɗai. Lafiyayye bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In ɗaya ya tsaya a 11 ɗayan ya rufta zuwa 6 ko 7, ka san wanda ya gaza. Idan injin ya tashi ka ɗan taka totur, biyun tare su nuna wajen 28. In suka tsaya a 25, caji ba ya zuwa, sai a duba bel da manyan soket ɗin da ke tsakanin altaneta da akwatin da ke daidaita caji, don tsatsa na son wurin.

In kuma batiran sun riƙe wuta amma ƙas-ƙas ɗin bai daina ba, koma kan wayar at, wadda ke ɗaure batir da shasi, da wadda ke ɗaure shasi da inji. Ɗora bakin mita ɗaya a kan batir na at, ɗayan a jikin inji inda babu fenti, a murɗa makulli. Abin da ya haura rabin volt asara ce, wuta na maƙalewa a hanya. Kwance notin, goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure, shafa giris. Akwai wata alama da nake so: in wayar cok ta yi ɗumi bayan an yi ta kik, wuta ce ta rasa hanyarta ta komawa ta bi ta nan. Na taɓa ganin wadda aka kwance mata sitata sau uku ana naɗi, ashe noti ɗaya ne a shasi ya yi tsatsa.

Launin wayoyin motocin Ingila na wancan zamani zai taimake ka, in ba a riga an yi musu kaca-kaca ba. Ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir. Fara tana samun wuta ne idan an buɗe makulli. Kore ita ce farar bayan ta ratsa fis. Baƙa at ce. Fara mai ratsin ja ita ke zuwa ga sitata. Sannan makunnin fitila na soja matsayi shida gare shi, akwai inda in ka juya shi yake kashe har fitilar birki ya bar wata 'yar fitila a ƙarƙashi don motar da ke baya ta bi sawu cikin duhu. Mutane da yawa sun yanke wayoyi masu lafiya suna neman laifin da babu shi saboda wannan makunni.

Yanzu mutuwar da take yi idan ta yi zafi, nan ne aikin yake. Laifin da ke zuwa da zafi ba a kama shi a gareji da safe. Dole ka fita da ita da kayan aiki, ta mutu, ka bincike ta a cikin minti biyar ɗin farko kafin ta huce ta ɓoye ciwonta. Kuma ka saurari yadda take mutuwa. In ta ɗauke ɗif kamar an kashe makulli, wuta ce. In ta fara tari, tana ja tana saki, ƙarfi yana raguwa har ta tsaya, mai ne ya yanke.

Ta ɓangaren wuta, ga abin da yawancin makanikai ba su sani ba game da wannan mota: ko da yake komai nata volt 24 ne, kwayil ɗinta na asali, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, na wajen volt 10 ne. Akwai wani ɗan akwati kafin kwayil, a cikinsa akwai razista mai rage wutar da kuma abin tace ƙara. Idan akwatin ya lalace, sai mai wayarin ya tsallake shi ya kai wuta kai tsaye, ko ya kawo kwayil na ƙaramar mota ya ɗaura. Mota za ta tashi da ƙarfi, kowa ya yi murna. Bayan minti ashirin kwayil ya gasu, wuta ta ɗauke. Idan ya huce ya dawo aiki, kwana kaɗan ya mutu gaba ɗaya. Taɓa shi lokacin da ta mutu. Ɗumi ba laifi ba ne, amma in hannu bai iya zama a kansa ba, akwai magana. Naɗa masa jiƙaƙƙen tsumma, in ta tashi da wuri fiye da yadda ta saba, ka samu shaida. Bakin kwantak, wato ɗan makunnin cikin distiributa da ke buɗewa da rufewa yana yanke wa kwayil wuta, in ya yi shuɗi ya ƙone shi ma yana nuna wuta ta yi yawa, ko kwandansa ta gaji.

Wajen auna wutar da ke shiga kwayil akwai tarko. Sai bakin kwantak yana rufe awon yake da ma'ana. In yana buɗe, wuta ba ta gudana, razista ba ta rage komai, mita za ta nuna maka 24 ko da komai lafiya yake, ka je ka zargi akwatin da bai yi laifi ba. Juya inji da hannu har kwantak ya rufe, buɗe makulli, auna, ka kashe nan da nan.

Wayoyin fulogi masu saƙar ƙarfe su ma suna ruɓewa ta ciki, tartsatsi ya riƙa tsallakawa cikin saƙar, ido ba ya gani. Ɗauki fulogi guda na ajiya, ɗaura shi a kan wayar, jingina shi da inji, a yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara ake so. Ka ce an sauya fulogi, to ka duba me aka sa, domin na soja ɗaure su ake yi da wayar kamar noti. In na farar hula ka gani, an riga an sauya distiributa ke nan, sai ka tabbatar tazarar kwantak tana wajen milimita 0.38, kuma wayoyin suna bin jerin 1-3-4-2.

In mai ne, fara da kwalbar gilashin da ke ƙarƙashin famfon mai a gefen inji. Ita ce tagarka. Ja-jan gari a ƙasanta tsatsar tanki ce, wadda ke taruwa a ragar bakin bututu ta toshe shi, idan mota ta tsaya ta zube ƙasa, shi ya sa take tashi bayan hutu. Kumfar iska a ciki kuwa tana nufin ana zuƙar iska a hanya. Motocin soja tanki biyu gare su a ƙarƙashin kujeru, da makunnin juya mai daga wannan zuwa wancan, kuma abin toshiyar cikinsa idan ya bushe iska yake sha. Juya zuwa ɗaya tankin ka gani. Buɗe murfin tanki kana saurare: in ka ji fuuu iska ta shiga, ƙofar numfashinsa ce ta toshe. A zafin Gombe na watan Afrilu fetur kan tafasa a cikin bututu ma, musamman in wani ya bi da shi kusa da salansa. Zuba ruwa a kan famfo da bututun, ka ɗan buga hannun famfon da yatsa, in ta tashi ka gane. Ka shinshina sandar awon baƙin mai, in tana warin fetur, fatar famfon ta huje.

Kafiretar Zenith da ke kan waɗannan injina tana da halin lanƙwashewa da tsufa har mai ya riƙa zuba fiye da kima, amma alamarta baƙin hayaƙi ne da fulogi mai zunzurutun baƙi, ba mutuwa bayan rabin awa ba. Da an tambaye ni, da ba a taɓa ta ba. In tsohuwar tana nan, ka adana ta. Abin da zan so a duba shi ne tazarar bawul, milimita 0.25 duka takwas ɗin. An ƙera injin a zamanin fetur mai dalma, kuma da na yanzu mazaunin bawul yakan ci a hankali, tazarar ta rufe, inji ya rasa ƙarfi idan ya yi zafi.

Birki ba shi da alaƙa da duk wannan. In taku na biyu ya kama da tauri, takalman birki ne suka yi nisa da duram, gyaran saiti ne kawai. Ɗaga kowace ƙafa da jak, murɗa notin saiti a bayan farantin har ƙafar ta kama, ka sassauta kaɗan ta juya. A doguwa kowace ƙafar gaba tukunyar birki biyu gare ta da notin saiti biyu, ana yawan manta ɗaya. In fedar tana da laushi kamar soso, iska ce, kuma doguwa ta yi suna wajen riƙe iska a gaba, don mafitar iskar a tukunyar ƙasa take, iska kuwa sama take hawa. Sassauta saitin gaba ɗaya kafin a cire iska, sannan a sake saitawa. In ka danne feda ta riƙa nitsewa a hankali, robobin babbar tukunya ne, wadda feda ke turawa. Man birki na gaskiya kaɗai za a zuba, DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai yana kumbura robobi, ruwan sabulu kuma da wasu ke zubawa a hanya yana cinye tukwane da tsatsa.

Game da mayar da ita volt 12, aikin ya fi yadda makanikenka ya faɗa. Sitata, altaneta da mazauninta, kwayil, distiributa, fulogi, injin waifa, agogon mai da na zafi, abin ƙyafta sigina, hon da kowane ƙwan fitila duk sai an sauya. Kayan volt 24 irin su ƙwai da hon ba wahalar samu gare su ba, tunda tireloli da tifofi da su suke aiki, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za ka same su. Fulogi da wayoyin soja ne ke da wuya, kuma ana iya barin motar a volt 24 a sa distiributa da kwayil na farar hula da razistar da ta dace. Sai in akwatin daidaita caji ya ƙone an rasa madadinsa ne zan ce a juya ta.

Tunda gwajin zafin sai an hau titi, ka fara da birki, sannan batir da at, sannan ka fita da mita, fulogin ajiya, tsumma da galan na ruwa, a hanyar da babu cunkoso.