Muryar da aka tura wa ƙungiya: tabar sigar da hunturun Garwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ga hoton da ka sa, na kuma saurari muryarka. Ga waɗanda ba su ji ba, abokin kasuwancinsa ne daga Duwala ya ba shi kwalin tabar sigar, irin mai kaurin nan ta ganye zalla, ya jefa a durowa ya manta. Yanzu ganyen waje duk ya tsattsage, ya kunna ɗaya ya ji ɗaci da ƙauri kawai. Shi ne yake tambaya, jabu aka ba shi, ko dama haka take, masu kuɗi ne ke yaudarar kansu? To tunda kun ce ni ne tsohon hannu, bari in amsa. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Ƙanena, ƙishirwa ce ta kashe tabarka. Kar ka yi saurin zargin mutumin. Ita wannan taba a inda ake naɗa ta, iska jiƙe take, kuma ana so ta zauna cikin danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, zafin wurin kamar digiri 18 zuwa 21. To kai ina ka ajiye ta? A Garwa, cikin hunturu, lokacin da leɓen mutum ma tsagewa yake yi. A irin wannan lokaci danshin iskarmu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Ga Maris da Afrilu na tafe, zafi ya haura digiri 40. Wane ganye ne zai jure? Ka dubi mai goro a kasuwa, ba ya barin huhunsa a buɗe, kullum yana lulluɓe da ganye yana yayyafa ruwa, don ya san in goro ya bushe kuɗinsa ne ya bushe. To ita ma haka take, sai ma dai ta fi goro shagwaɓa.

Masu wannan sha'awa akwati suke da shi na musamman, cikinsa katako ne mai ƙamshi da ke riƙe danshi, da ɗan ma'auni a ciki. Amma ba dole sai shi ba. Ka samu robar abinci mai murfin da iska ba ta shiga, sabuwa, wadda ba ta taɓa ganin yaji ko daddawa ba. Akwai 'yan jakunkuna masu daidaita danshi na kamfanin Boveda, an rubuta 69 a jiki, wato danshi kashi 69, ka jefa ɗaya ciki ka rufe. In babu, sabon soso da ruwan da aka tace na kantin magani, ka ɗora a ɗan murfi, kar ya taɓa tabar. Sai ka bar ta makonni, a hankali take sha. In ka yi gaggawa ka jiƙa ta lokaci guda, cikin zai kumbura kafin bayan, ta fashe gaba ɗaya. Kuma in gaya maka gaskiya, man ganyen da ya riga ya tashi ba zai dawo duka ba, sai dai a ceto abin da ya rage. Firiji kuwa kar ka sa ta ciki, ƙara busar da ita zai yi, ta kwashi warin kifi. Da damina ma ba ka huta ba, watan Agusta fumfuna ke kama ta, in zafi ya yi yawa kuma akwai ɗan ƙwaro da ke ƙyanƙyashewa a ciki ya huda ta. Shi ya sa nake cewa a garin nan, rabin wannan sha'awa ajiya ce, shan ma kaɗan ne.

Yauwa, kuɗinta kuma. Kara ɗaya hawa uku ne: akwai ganyen ciki, akwai wanda ya ɗaure shi, sai ganyen waje da ya lulluɓe. Ba takarda, ba garin taba. Ana shanya ganyen a rumfa fiye da wata guda, a tara shi tsibi ya yi zafi da kansa ɗacin ya fita, a ajiye wani shekara biyu ko uku, sannan mutum ya zauna ya naɗa da hannu. Aikin nan kake biya, da suna, da haraji. Wadda ta fi suna ta Kuba ce, daga yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río. Cikin sanannun na Kuba, Montecristo tun 1935 ake yin ta. Cohiba kuwa a 1966 aka fara, Fidel Castro da baƙinsa kaɗai ke samu, sai 1982 aka fito da ita kasuwa. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Kuba a 1962, manyan masu sana'ar da yawa suka kwashi iri suka koma Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaraguwa, shi ya sa yau garin Estelí na Nikaraguwa ma ya yi suna.

Amma ga abin da ke ba ni haushi da dariya lokaci guda. Ka san ɗaya daga cikin ganyen waje da duniya ke rububi a nan Kamaru ake noma shi? Wallahi. Can Gabas, wajen Baturi da Bartuwa, har ya tsallaka cikin Afirka ta Tsakiya. Asalin irin daga Sumatara ta Indunisiya aka kawo. A wasu ƙasashe sai an kafa rumfar yadi a kan gona don rana kar ta ƙona ganyen, can kuwa gajimare ne ke yi musu wannan aiki kyauta. Ganyen siriri ne, in ka shafa za ka ji 'yan ƙuraje-ƙuraje, yana da ɗan zaƙi da ɗan yaji. Da kamfanin gwamnatin Faransa, SEITA, ke riƙe da harkar, da ya janye a farkon shekarun 1990 abin ya kusa mutuwa, sai iyalin Meerapfel, dillalan ganyen taba, suka tayar da shi. Sigar Hemingway da Don Carlos na kamfanin Arturo Fuente, da ganyenmu ake lulluɓe su. Wato manominmu ya noma, a kai Dominika a naɗa, ta bi ta Turai ko Dubai, ta dawo mana da tsadar da shi manomin ba zai taɓa iya saya ba. Yadda audugarmu ke tafiya dai, kun sani. Kuma saboda sirantarsa, shi ne ganyen da ya fi saurin tsagewa a hunturu.

Sai yadda ake sha, don na tabbata ka zuƙe ta ne irin ta sigari. Ba a kai hayaƙin ƙirji. A baki ake juya shi a fesar. Ka yanke kan kaɗan, kamar milimita 2 ko 3, in ka zarce ganyen zai warware. Ka kunna da ashanar itace ko abin kunna wuta mai gas, ban da mai fetur. Zuƙa ɗaya a minti ta isa, in ka matsa mata za ta yi zafi ta yi ɗaci ko da mai kyau ce. Ɗanɗanon yana sauyawa: farko sauƙi-sauƙi, ƙamshin itace, tsakiya ka ji wani abu mai kama da gahawa ko koko, wajen ƙarshe ta yi nauyi da yaji. Girma-girma ce: wadda ake kira Robusto, mai inci 5, takan ɗauki kusan awa ɗaya. Churchill mai inci 7 ta wuce haka. Ni da shayi nake haɗawa, na biyu, ba na farko mai ɗaci ba. Kar ka sha da yunwa, jiri zai ɗebe ka. In ka gama kuma ajiye ta ake yi ta mutu da kanta, ba a murtsuke ta.

Malam, na ga abin da ka rubuta kan hukuncin taba a addini, Allah ya ƙara sani, ba ni da ja. Malamai da dama sun haramta taba, wasu sun ce makaruhi, ba wanda ya ce mustahabbi. Likitoci ma ba su raba ta da sigari ba. Babbar guda ɗaya tana iya ɗauke da tabar da ta kai kwalin sigari cikakke, kuma rashin kai hayaƙi ƙirji ba ya hana ciwon daji na baki da maƙogwaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara. Shi kansa Castro a 1985 ya daina. Ƙanena, kai da ba ka saba ba, ni ban ce ka fara ba, kuma kar a kunna ta kusa da yara ko iyali.

Batun jabu kuwa, hoton murfi ba ya nuna komai. In kwalin Cohiba ne mai murfin gilashi da ake hango tabar daga sama, to wannan jabu ne, ba sai an duba ba. Na Kuba na gaske yana da koren hatimin gwamnati mai lamba, ana iya shigar da lambar a shafin Habanos, kamfanin sigar Kuba, a intanet, a gindin kwalin kuma akwai tambarin masana'anta da wata da shekarar da aka zuba. Ka ɗauki wadda ta fi lalacewa ka tsaga ta da reza. In ka ga dogayen ganye a jere daga kai har gindi, da alama ta kirki ce. In ka ga ɓarɓashi da karmami, an cuci abokinka, wataƙila shi ma bai sani ba. Ka juya kwalin ka ɗauko min gindinsa da hatimin, ka turo ta gefe, zan duba bayan isha'i in Allah ya yarda.