"Kai kaɗai na faɗa wa"

Ka ce wani ɗan majalisa ya raɗa maka labari, ya hana ka ambaton sunansa, kana tambaya ko ka buga. Ɗana, neman majiya ta biyu ba abin da zan tsaya koya maka ba ne. Wanda bai san wannan ba, ya je bakin titi ya sayar da jarida. Zauna ka ji abin da har yau yake ci mini rai.

A 1981 ina ɗauko rahoto daga majalisar tsohuwar jihar Kaduna, lokacin Katsina na ciki. Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ne gwamna, jam'iyyar NPN ke da rinjaye a majalisar, sun ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ga batun tsigewa ya cika gari. Akwai wani ɗan majalisa da na saba da shi, har tuwo nake ci a gidansa. Wata rana bayan isha'i ya aiko direba ya ɗauko ni. Ya rufe ƙofa, ya ce in kashe rikoda, ya rantse da Allah cewa manya sun sa baki, an sasanta, za a janye maganar. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kaɗai na faɗa wa." Wannan kalma ita ta rufe mini ido. Na koma ofis na zauna kan tafireta har ƙarfe ɗayan dare, na matsa wa edita ya ba ni shafin farko. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbatar, na ce ya ɗora a wuyana.

Ran 23 ga Yuni suka tsige gwamnan, karo na farko a tarihin Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ashe so yake magoya bayan gwamna su saki jiki, ni kuma ya mai da ni makaminsa. Da na tare shi a harabar majalisa, sai ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Malam, daga wace jarida?"

Aka ɗauke ni daga teburin siyasa, na yi shekara biyu ina bin kotunan majistare. Kujerar da aka yi mini alkawari, wanda na koya wa aiki aka ba. Zaɓen 1983 a rediyo na ji shi kamar kowa. Shi kuwa mutumin har ya mutu bai ce mini yi haƙuri ba.

Ku yaran yanzu ko gidan ma ba ku zuwa. A turo muku saƙo ta WhatsApp, kafin ku gama karantawa kun watsa a Facebook, sannan ku tsaya jiran kuɗin mota. Naka ɗan majalisar, me zai samu in labarin ya fita? Wa zai sha ƙasa? Je ka gano, gobe da safe ka kawo mini littafinka in ga waɗanda ka kira.